Tabo a Kumatun Amarya

"Canja katin sarrafa hoton da ke cikin injin nan ma," ta ce da mai shagon kwamfutar. "Ɗauko wanda ya fi ƙarfi."

Gyaran hotunan biki ne abincinta a Toronto. Tun zubar dusar ƙanƙarar farko ta bana wani baƙin tabo ke zama a tsakiyar duk hoton da ta buɗe. Ta ɗora wa tsohuwar kwamfutarta laifi, ta zo a harhaɗa mata sabuwa, mai ƙwaƙwalwa kamar walƙiya da allon da ba ya ƙarya a launi.

Ya canja, ya kunna. Amarya ta bayyana tana murmushi, da tabon a kumatunta.

"Ka gani ko? Yana nan!"

"Haba baiwar Allah, wannan injin ai har wata sai ya kai ki," ya ce yana dariya. Sai dariyar ta ɗauke. "Wane tabo?"

Ta juyo a fusace. Tabon ya baro allon ya biyo ta, ya sauka a fuskar mutumin.

A hankali ta rufe idon hagu da tafinta. Fuskarsa ta fito fes. Ta kasa sauke hannun.