Silifan Hedviga

Ba a taka daɓen gidan Zalesky da takalmi haka kawai. Tun daga bakin ƙofar ganuwa Vlasta za ta miƙa wa kowane baƙo wasu manyan silifa na ulu ya zura a kan takalminsa, sannan mahaifinta, tsoho Tibor, ya gyara murya ya kafa doka: ba a ɗaga ƙafa, ja ake yi.

Dalilin kuwa duk kwarin an haddace shi. Wai da abokan gaba suka ci gidan da yaƙi, Hedviga ta sa silifan ulu ta ja ƙafa ɗaki bayan ɗaki, har ta fice ta gaban masu gadi ba wanda ya ji motsinta. Don tunawa da ita ake ja.

"Lungu-lungu, jama'a," Tibor zai ce yana nuni da sandarsa. "Wa ya taɓa gudu ta tsakiyar ɗaki? Kai mai jar riga, bi ta bayan murhun can, nan ta laɓe. Danna ƙafar sosai, ko ba ka karya ba ne?"

Baƙi kam suna son abin ba kaɗan ba. Ka ga ƙato da tumbinsa yana sulalewa a kan katakon da ya shekara ɗari shida, matarsa tana ƙyaƙyata masa dariya. Ranar da motocin makarantu suka zo biyu ko uku, bakin Tibor ba ya rufuwa.

Vlasta tana son mahaifinta, amma yana ƙular da ita. Tarihi ta karanta a jami'a, shi kuwa kowane mako da hanyar da Hedviga ta bi. Wancan makon ta ɗakin makamai, wannan makon ta ɗakin cin abinci.

"Baba, mace ɗaya, gudu ɗaya, hanya nawa ke nan?"

"Kina wurin aka yi?" in ji shi.

Ana nan sai ga wasiƙa daga hukumar adana tarihi. Za a turo mai bincike, kuma duk gidan da ke ba da labari marar tushe za a cire shi daga jerin wuraren da ake kai 'yan makaranta. Motocin makarantun nan su ke riƙe da rufin gidan, kuma Tibor ya sha faɗa cewa ranar da suka daina zuwa, masu otal zai miƙa wa makullai. A ɗakin saman hasumiyar gidan aka haifi Vlasta, shekara biyu bayan gwamnati ta mayar wa danginsu gidan, ba ta kuma san wani gida ba.

Mako uku ta yi cikin akwatunan takardu, ƙura har hanci. Ta sami Barbara huɗu, Katarina bakwai, da wata Zuzana da ta jefi mijinta da tulu. Hedviga kuwa ko alamarta. Duk wannan wahala da take sha, Tibor yana tsakar gida yana shan hantsi, yana shafa wa ƙasan silifa kakin zuma, wai don kada asu ya ci su.

Ranar Laraba mai binciken ta iso, wata Malama Oravcova, doguwa, fuska a murtuke, littafi a hammata. Ta karɓi silifa kamar an miƙa mata mataccen kifi. A ɗaki na farko ta ja ƙafa a taƙaice. A na biyu ta ɗan ƙara. Kafin a kai dogon zaure, sai ga ta ta ɗauki gudu ta sulale har bangon ƙarshe, tana dariya tana riƙe tabarau.

"Gidaje arba'in na zaga," ta ce tana haki, "ban ga katako mai sheƙin wannan ba. Zan sa hannu. Abu biyu kawai za ki rubuta min kafin motata ta ƙarfe huɗu: shekarar da Hedviga ta fita, da matsayinta a gidan."

Vlasta ta ce to, ta fice da sauri. Ta tarar da mahaifinta a kicin, ya tasa kwanon dafaffen curin fulawa mai 'ya'yan itace a gaba yana ci hankali kwance.

"Baba, don Allah yau ɗaya ka bar wasa. Ba zan rubuta ƙarya ba, in kuma ban rubuta komai ba gidan ya tafi. Akwai Hedviga ko babu?"

Ya ajiye cokali, har da ɗan jin haushi. "Ni za ki mayar maƙaryaci? Akwai ta mana. Ta zauna a gidan nan, ta san kowane lungu nasa fiye da ni, ta kuma fice ba wanda ya ji motsinta. Abokan gaban ne kawai na ɗan ƙara, don labari ya yi gishiri."

Daɗi ya kama Vlasta. Ta jawo takarda, ta cire murfin biro. "Wace shekara?"

"Shekarar da aka haife ki," in ji Tibor, ya koma kan kwanonsa. "Ita ce mai goge mana daɓe. Ta bi wani direban bas ta gudu, washegari mahaifiyarki ta sayo silifa ɗari biyu."