Minti Arba'in da Shida

Malam Attaher ya danna agogo, ya duba, ya sake dubawa. Minti arba'in da shida.

Ranar bikin 'yancin kai ce, damina ta kankama, kuma shi ne malamin lakwal, wato makarantar boko, da aka ɗora wa shirya tseren gudu: kilomita goma sha biyar, daga wata rijiya a hanyar Affala zuwa dandalin Tahoua. Shekara biyu a jere bai fitar da ɗan tseren kirki ba, sai aka gaya masa ba ɓoye-ɓoye cewa in bana ma haka ne, can gabas mai nisa za a tura shi. Ga matarsa Zaliha da tsohon ciki a ƙauyen iyayenta, bayan rijiyar nan. Cikinta biyu sun zube a baya, wannan kuwa saura wata guda. Tsoron kada a tura shi ya bar ta ne ya hana shi cin abinci tun jiya.

Sai ga Allah ya jefo masa wannan mutumin. Dogo, ba takalmi, taɓo har gwiwa, da wani ƙyalle shuɗi ɗaure a wuyan hannu. Ba lamba a ƙirjinsa, amma takardun sun ƙare tun safe, 'yan ƙauye da yawa haka suka shiga. Ya tsinke igiyar ƙarshe bai ko kalle ta ba, ya miƙe wajen motar asibiti da aka ajiye saboda masu suma. Kafin ya kai, jama'a sun cafe shi sun ɗaga sama.

Dandali ya rikice. Makaɗa suka saki ganguna, mata suka rangaɗa guɗa. Na biyu bai iso ba sai bayan minti goma sha ɗaya, yana tangaɗi.

To, mutanen Tahoua ba su iya murna ba tare da gardama ba. Kafin gumin mutumin ya bushe, dandali ya rabu gida uku. Wasu suka rantse ɗan yankinsu na Adar ne tsantsa, irin masu kama zomo da ƙafa. Wasu suka ce laya ce, ga ta nan a ƙyallen hannunsa. Sauran suka ce ko dai agogon malam ya sha ruwan sama, ko an rage wa gwanin hanya.

"Wanga gudu ba na ɗan Adam ba na," in ji wani tsohon soja. "Mota ta ɗauko shi!"

Jami'in wasanni da ya zo daga Yamai ya ji wannan, ya mayar da alƙalaminsa aljihu. Ya ce a ƙasar nan kaf bai taɓa jin mai irin wannan lokaci ba, ba zai sa hannu a kan abin da zai jawo masa dariya ba.

Shi kuwa gwanin, a kafaɗun mutane yake ta fizge-fizge. Bakinsa na motsi, ganguna na haɗiye maganar. Da aka sauke shi da ƙyar ya ce sunansa Alƙasum, sannan ya sake zabura wajen motar.

"Kun gani ko?" tsohon sojan ya ƙyalƙyale. "Ya san abin da ya kawo shi!"

Dariya ta ɓarke. Attaher ya ga aikinsa, da zamansa kusa da Zaliha, suna shirin zubewa saboda wannan motar. Ya riƙo Alƙasum da ƙarfi ya ja shi baya, ya raɗa masa cewa kada ya kuskura ya buɗe baki sai an sa hannu. Mutumin ya yi yunƙurin magana, numfashinsa ya sarƙe, ya sulale ƙasa. Aka shiga yayyafa masa ruwa.

Attaher ya ruga wajen direba. Dama motar za ta wuce garin Ƙonni aikin allurar lamba ta rigakafi na kwana uku da zarar an tashi. Ya roƙe shi don girman Allah ya tafi yanzu, ko surutu ya mutu. Direba ya ɗaga kafaɗa, ya ɗauki ma'aikacin jinya, suka kama hanyar kudu.

Daga nan Attaher ya koma kan jami'in. Ya kira 'yan tsere ɗaya bayan ɗaya, kowa ya shaida mutumin ya wuce shi da ƙafa, ba mota ba jaki. Ya gwada agogonsa da na jami'in. Ya yi rantsuwa, ya yi magiya, har hula ya cire gaban ɗalibansa. Rana ta kusa take tsaka kafin alƙalami ya sake fitowa daga aljihu.

An sa hannu. Attaher ya share hawaye, ya durƙusa kusa da gwaninsa da ya fara farfaɗowa.

"Ka cece ni, ɗan'uwa. Ni Attaher, har in mutu ban mance ka."

Alƙasum ya zaro ido. "Kai na Attaher?" Ya kwance ƙyallen hannunsa, ya miƙa masa. Kallabi ne, wanda Attaher ya saya wa matarsa da kansa a sallar bara.

"Ni ban san da wani tsere ba, malam. Zaliha tana zubda jini tun hitowar rana, anka ce in sheƙo in kai musu motar likita."