Matar Kafinta da Gindin Kuka

Wata mata ce a wani ƙaramin gari, har gobe tana tuna ranar da ta fara ganin mijinta. Kafinta ne, an kira shi ya sauya kwanon rufin ɗakin mahaifiyarta kafin damina ta sauka. Da rana ta take ya sauko daga tsani da ƙusoshi uku a bakinsa, ya cire su, ya nemi ruwa. Ta miƙa masa moɗa idonta na kan yatsunsa, waɗanda babu wanda guduma ba ta taɓa ci ba. Bayan shekara aka ɗaura musu aure. Ita ɗinkin hula take yi, kuma mace ce mai kame baki, irin wadda gara ta sha miya lami da ta leƙa maƙwabta roƙon gishiri.

Wata rana aiki ya kai shi babban birnin jiharsu, ya zamo daga saman gini ya karya ƙafa. Wani direba da ya ratsa garinsu da safe ne ya kawo mata saƙon baki, ya wuce. Ya ce mijinta yana gidan mai ɗori, bayan azahar za a ja ƙafar a ɗaure, kuma ba abin da yake roƙo sai a ce ta zo kafin lokacin. Ga kwatance: in ta sauka a tasha ta hau Keke Napep mai zuwa kasuwa, ta sauka a Gindin Kuka, gida na uku a hannun dama.

Ba ta taɓa shiga birnin ba. Da za ta fita, surukarta ta ja mata kunne cewa a birni ba a nuna baƙunta, wanda aka gane bai san gari ba shi ake cuta. Ta riƙe wannan magana tamau, ta ɗauki kwanon fura da zanen rufa, ta iso tasha da hantsi, lokaci yana nan da yawa.

Masu keken tashar layi suke bi, daga tasha zuwa kasuwa, daga kasuwa zuwa tasha. Ba sa tambayar kowa inda za shi. Mutum uku a baya, ɗaya a gefen direba, sai a tashi. Wanda ya iso wurinsa sai ya ƙwanƙwasa ƙarfe ya ce, "A nan." Ta shiga ta zauna a gefe, ta gyara mayafi kamar 'yar gari, ta zuba ido tana neman kuka. Ta ga shagunan magani, ta ga masu facin taya, ta ga mai lemo ya jera kayansa a baro. Itace kuwa sai dogon yaro jefi-jefi. Har suka isa kasuwa ba ta ga kuka ba. Ta ce a ranta wataƙila wata babbar mota ce ta tare mata gani. Ta tsallaka titi ta hau mai komawa, ta zauna a ɗaya gefen. Nan ma babu. Matar da ke kusa da ita tana ta ɓare gyaɗa, har ta miƙo mata, sau biyu tambayar tana zuwa bakinta tana mayar da ita ciki.

A hawa na huɗu aka kira azahar. A na biyar ta faɗa hannun wani dattijon direba mai furfura a gemu, wanda shi ne ya fara ɗaukarta da hantsi. Ya dube ta a madubi ya ce, "Baiwar Allah, wannan kwanon furar dai na san shi. Yawon buɗe ido kike yi, ko wani wuri kike nema?"

Ta sunkuyar da kai ta ce, "Baba, Gindin Kuka nake nema."

Sauran fasinjoji suka yi dariya, ba ta mugunta ba. Dattijon ya ce, "Kukar da aka sare tun ina saurayi, lokacin da aka faɗaɗa titi? Ai suna ne kawai ya rage, 'yata. Ga wurin can, inda mai facin nan yake. Da kin faɗa tun da safe, da tuni kin huta."

Haka birni yake. Mutanensa suna kiran wuri da sunan abin da ya daɗe da gushewa, su suna ganinsa da ido rufe, baƙo kuwa yana wucewa ta kansa da ido buɗe.

Da ta yi sallama a gida na uku, an riga an gama. Ta tarar da mijinta kwance a tabarma, ƙafar a ɗaure da karare, gumi ya jiƙa masa riga. Matar mai ɗorin ta ce maza huɗu ne suka danne shi, kuma sau biyu yana roƙon a ɗan dakata, idonsa a bakin ƙofa, har mai ɗori ya ce ƙashi ba ya jiran kowa. Mijin bai ce mata komai ba sai, "Kin sha hanya." Wannan ya fi mata zafi a kan faɗa. Ta durƙusa kusa da kansa, ta ajiye furar da zafin rana ya riga ya sa ta tsami, kuma a gaban mutanen da ba ta sani ba ta ɗaga murya ta ce, "Maigida, na yi maka alkawari, daga yau duk inda zan same ka, zan buɗe baki in tambaya, ko da duk garin zai yi mini dariya."

Kuka dai ba ta dawo ba, azahar ɗin ranar ma ba ta dawo ba. Shi ya sa Hausawa suka ce, matambayi ba ya ɓata.