Darasi a Bangon Madafa

Da aka manna sakamakon jarrabawar sartifika ta gama firamare, wata yarinya ta kutsa cikin taro tana dogara sanda. Shekara biyu ke nan da ciwon ƙafa ya raba ta da lakkwal, wato makaranta. Innarta ce ta zama malamarta, hannu ɗaya na juya ƙuli-ƙulin sayarwa a kasko, ɗayan na rubuta darasi da gawayi a bangon madafa, ga goyo na kuka.

"Inna, na ci!"

Sai yatsanta ya tsaya a kan wani suna can ƙasa. Na Inna ne. Ashe ranakun jarrabawa, da Inna take fita da tire, ba kasuwar garin Tawa take zuwa ba.

"Karanta da ƙarfi," in ji Inna. "Babanki na baya, bai ji ba."