Cincin ɗin Tafiya

"Bakwai sau takwas, hamsin da huɗu!"

Naila na tsugune bakin famfo tana wanke shinkafa. "Da shida," ta ce a hankali. "Hamsin da shida, Ridwan."

Yaron ya zarce bakwai sau tara abinsa, kamar ba a yi magana ba.

Haka kowace safiya take. Ridwan ɗan aji uku ne, karatu ba ya zama masa sai da ihu. Ƙanwarsa Fauziyya bana ta shiga firamare. Ba ta shan koko sai a jan kofi, kuma kullum sai takalminta ƙafa ɗaya ya ɓata. In ta ƙwala kira, "Umma!" Naila kan amsa, ko da ƙasa-ƙasa ne, ko da hannunta na cikin kumfa.

Da mai Keke Napep ya yi hon a kan layi, sai guje-guje, sai ƙarar ƙofa, sai shiru. Wannan shirun ne Naila ta kasa sabawa da shi. Takan ja keken ɗinki ta yi ta taka shi har a tashi daga makaranta, ba don aikin na da yawa ba.

Ba ta da dangi a Zariya. 'Yan uwanta na can Gombe, sun gaji da tambayar yaushe za ta dawo, sun rage kira. Wadda take hira da ita ɗaya ce, Daberechi, mai shagon kayan makaranta a Sabon Gari, wadda ke ba ta ɗinkin yunifom.

"Ke kullum Ridwan ya ce, Fauziyya ta yi," in ji Daberechi wata rana tana ninke riguna. "Ki kawo su in gan su mana."

Naila ta yi murmushi. "Suna makaranta."

Da zazzaɓi ya kwantar da Fauziyya a damina, Naila ta rufe keken ɗinkin da zane don kada ƙararsa ta dami yarinyar. Aiki ya taru, Daberechi ta yi ta faɗa a waya. Ranar da ta ji Fauziyya na rigimar sai an sayo mata ƙosai, a nan tsakar gida ta yi sujada.

Labarin tafiyar kuwa, ba wanda ya zaunar da ita ya faɗa mata. Tana shanya da la'asar ta ji Abdulrahim, mahaifin yaran, yana waya.

"Aikin ya fito, a Lafiya ne. Asabar ɗin nan za mu tashi. A'a, da yaran gaba ɗaya, har na sama musu makaranta."

Rigar da ke hannunta ta faɗi cikin taɓo. Ta ɗauka, ta sake wankewa, ta sake shanyawa. Ita da Abdulrahim ba magana ke haɗa su ba.

Makon ya cika da jan akwatuna da ƙarar guduma ana kwance gadaje. Ridwan ya daina haddar lissafi, ya koma kuka a kan abokansa. Fauziyya ita damuwarta ɗaya ce.

"Abba, a Lafiya akwai cincin?"

"Akwai komai. Matsa min in wuce."

Ranar Juma'a Naila ta yafa mayafi ta shiga kasuwar Samaru, ta sayo fulawa da bota da sukari. Ta kwaɓa, ta murza, ta yanka ƙanana sosai, don haƙorin Fauziyya na gaba yana girgiɗi. Ta soya kasko bayan kasko har hayaƙi ya ba ta dalilin share ido. Ta cika farin bokiti ta rufe.

Da safe babu ihun lissafi, babu neman takalmi. Ta ji motar kaya ta tashi. Ta ji Abdulrahim na cewa a yi sauri, rana na yi.

Ta tsaya riƙe da bokitin, ta ajiye, ta sake ɗauka. Sannan ta sa atamfarta ta Sallah ta fita. Ta bi layin har ƙarshe, ta karya kwana wajen mai kemis, ta sake karya wata.

Ƙaramar motarsu na tsaye, an ɗaure katifa a samanta. Ridwan na jingine da ƙofa, ya fi yadda take zato tsawo. Wata mata mai rataye da jaka a kafaɗa na riƙe da hannun Fauziyya, tana gyara mata hijabi.

Naila ta yi sallama. Ta miƙa bokitin da hannu biyu.

"Na yara ne, su ci a hanya. Na yanka ƙanana saboda haƙorin Fauziyya."

Matar ta dubi bokitin, ta dubi mijinta. Fauziyya ta lafe a bayanta tana leƙe.

"Umma, wace ce?"

"Mun gode, Allah ya saka da alheri," in ji matar. "Amma ki yi haƙuri, baiwar Allah, ban gane ki ba."

Naila ta ƙura wa yaran ido, tana haɗa kowace murya da fuskarta.

"Ba ku san ni ba," ta ce. "Ni ce a gidan da ke bayan katangarku."