Haruffa Biyar a Tafin Suwaiba

"Kawu, sake dannawa mana," in ji Suwaiba, tana miƙa wa Tanimu mai gyaran waya tafinta, inda ta zana haruffa biyar da lalle.

Tun da aka hana ajiye saƙo a waya, komai sai an kai intanet a ba ka gajeren adireshi mai haruffa biyar. Kafin mijinta ya rasu, a wani kamfanin kyauta ya bar mata muryarsa.

Tanimu ya danna haruffan a waya. Tallan sabulu ya fito, wata mata tana ta dariya.

"'Yata, kamfanin ya rushe. An sayar da adiresoshin."

"Sau ɗaya fa na saurara, Kawu. Tattalinta nake yi."

Ya sunkuyar da kai.

Ta dunƙule hannunta a ƙirji. "Gobe zan sake ƙunshi. Haruffan dai nawa ne."