Albarkar da Hansai Ba Ta Nema Ba

Ku matso ku zauna, ku ji yadda aka yi a Unguwar Rimi. Ila ya jingine besfarsa, ya shigo zance yana murmushi. Hansai, wadda suka gama digirin kimiyya tare, ko tabarma ba ta shimfiɗa masa ba.

"Malam Ila, ɗazu Baba ya sa mini albarka, wai na haƙura da neman digiri na biyu a Zariya. Wa ya gaya masa haka?"

Ila ya sunkuyar da kai. "Gurbin ɗaya ne, Hansai. In na samu, ai mu biyu muka samu."

"Ashe," in ji ta, ta juya ciki.

To jama'a, ta je ta ƙaryata shi gaban Baba, bayan tsohon ya riga ya yi murna?